Wai Mai Laftof Ba DJ Ba Ne?

Na gaji da jin wata magana da ta zama ruwan dare a bakin samari masu sha'awar sana'ar DJ, wai duk wanda ya zo gidan rawa da laftof kaɗai ɗan danne-danne ne, kwamfuta ce ke yi masa aikin. Da a fatar baki maganar ta tsaya, da sauƙi. To amma ta kai ga yaro ya ci bashi, ko ya sayar da babur ɗin da yake neman abinci da shi, ya sayo na'urar da bai san kanta ba, don kawai kada abokai su raina shi. Wannan kam ba wayewa ba ce, ganganci ne.

Aikin DJ sananne ne: ya haɗa waƙa da waƙa ba tare da kiɗa ya yanke ba. Wani yana yi da manhaja zalla a laftof, irin su VirtualDJ, Serato, Traktor ko rekordbox. Wani yana yi da na'urorin da aka ƙera don aikin, wato CDJ biyu da mikisa a tsakiyarsu. Akwai kuma na tsaka-tsaki, mai jona kwanturola a jikin laftof.

Masu gorin nan da sun san tarihin kayan da suke taƙama da su, da sun yi shiru. A ƙarshen shekarun 1960, Francis Grasso yana birnin New York yana daidaita bugun waƙoƙi biyu a kan faifan garmaho, da kunne da yatsa kawai. Technics ta fito da SL-1200 a 1972, injin juya faifai da ya zama uban gida a wannan sana'a tsawon shekaru. Da Pioneer ta kawo CDJ-1000 a 2001, masu faifan garmaho suka ce ai mai sa faifan CD ba DJ ba ne. Da Serato, wani kamfani na ƙasar New Zealand, ya kawo Scratch Live a 2004, sai masu CD ɗin su ma suka juya suna yi wa masu kwamfuta irin gorin da aka yi musu jiya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ita CDJ ɗin ma da ake ɗaga hanci da ita, mece ce in ba kwamfuta ba? Tun CDJ-2000 ta 2009, DJ a gida yake zama ya shirya waƙoƙinsa da rekordbox a laftof, ya zuba a filasha, ya je ya soka. CDJ-3000 da ta fito a 2020 ko ramin saka faifai ba ta da shi. Maɓallin Sync kuwa, wanda ke daidaita saurin waƙoƙi biyu da kansa, wanda kuma shi ne tushen duk zagin da ake wa masu laftof, yana nan zaune a jikin CDJ tun 2012. To wa ke yi wa wa gori?

Kuma tsadar na'ura ba ta rufa wa kowa asiri. A bikin Coachella na Amurka, cikin Afrilun 2024, mawaƙiya Grimes ta hau kan CDJ a gaban dubban mutane, na'urar ta riƙa karanta saurin waƙoƙinta ninki biyu, lissafi ya dagule mata, daga baya ta fito ta ba da haƙuri, ta ce wani ta bar wa shirya waƙoƙin. Kayan aiki na sahun gaba ne, shiri ne babu.

Abin da Sync ke yi kaɗan ne. Zai daidaita maka bugu, amma ba zai gaya maka cewa ka shigo da sabuwar waƙa a tsakiyar baiti ba, ko cewa muryoyi biyu sun hau kan juna kamar masu faɗa, ko cewa masu rawa sun gaji da amapiano suna jiran abin da za su bi da baki. Ka ɗauko tsohuwar waƙar Shata ma ka gwada. Kalangu hannun mutum ne ke kaɗa shi, yana ɗan sauri yana ɗan lafawa, manhaja kuwa ta fi sabawa da bugun inji wanda ba ya gocewa. Nan take za ta rikice, sai mai kunne ne zai fita kunya, ko da me yake aiki.

Ban ce laftof zalla ba ta da aibu ba, tana da shi, kuma babba. Ƙofar sauti ɗaya gare ta, don haka ba ka iya sauraron waƙa ta gaba a hedifon alhali jama'a na jin wadda ke tafiya, sai ka ƙara na'urar sauti ta waje ko wayar raba sauti. Sannan da linzamin kwamfuta abu ɗaya kake iya taɓawa a lokaci ɗaya, shi kuwa haɗa waƙa yana son hannu biyu, ɗaya na rage gangar wannan, ɗaya na ɗaga muryar waccan. Ga zafi, ga daskarewa. Manyan gidajen rawa na Landan da Balin kuma CDJ ce a kafe a wurin DJ, wannan ya zare filasharsa wancan ya soka tasa, kiɗa bai tsaya ba. Duk mai burin zuwa irin wuraren nan dole ya koye ta. Amma a lura, kayan na gidan rawa ne, ba DJ ke dakonsu ba. CDJ-3000 biyu da mikisarsu sun haura dala 6,000, ƙaramar kwanturola irin DDJ-FLX4 kuwa kusan dala 300 ce, kuma an jera maɓallanta kusan yadda suke a manyan.

Saboda haka, ƙanina, in laftof gare ka, fara da ita yau. Mixxx kyauta ce, ba sai ka je an zuba maka manhajar sata mai ɗauke da ƙwayar cuta ba, wadda za ta tsaya cak ana tsakiyar rawar amarya. In kuɗi sun samu, sayi ƙaramar kwanturola, ita za ta ba ka hannu biyu da hedifon. Ka riƙa rufe lambar saurin waƙa da ɗan tef kana daidaitawa da kunne, ko da rabin awa ne kullum, har sai ka iya ba tare da kallon allo ba. Don Allah a daina kwaso waƙoƙi daga YouTube da WhatsApp ana sa wa mutane. A waya ba ka jin bambanci, amma babbar lasifika tana tona asirin waƙar da aka matse, sai ka ji ta tana shashsheƙa. Nemi MP3 mai ingancin 320kbps ko abin da ya fi shi. Laftof ɗin aiki kuma ba ta kallon fim da wasan ƙwallo ba ce. Kafin ka fara, kashe intanet, kashe sabunta manhaja, kashe ƙarar shigowar saƙo, ka ɗora ta inda iska ke shiga ƙarƙashinta, ba kan kyalle ko kujerar soso ba. Ka zo da ita cike da caji, domin a nan ƙasar ɗauke wuta ba labari ba ne, kuma a 'yan daƙiƙun da ake komawa janareta, na'urar da ba ta da batir mutuwa take ta sake tashi daga farko, laftof kuwa tana nan inda ka bar ta. In ka ji gurnani a lasifika, zare caja ka saurara, sau da yawa daga nan yake. Fitilar mikisa in ta koma ja, rage, ba alamar ƙarfi ba ce, lasifikar mutane kake ƙonawa. 

Mai zuwa da filasha ya riƙe biyu masu kaya iri ɗaya, a tsarin FAT32 wanda tsofaffin CDJ ma ke karantawa, kuma ya duba lambar saurin kowace waƙa da kansa a rekordbox kafin ya bar gida. Mai laftof kuma ya jona wayarsa a wata ƙofar mikisa, da waƙa mai tsawo a shirye, don ranar da kwamfuta ta daskare ya sami minti biyar na sake kunna ta.