Birkitacciyar Tatsuniya a Ajin Ƙananan Yara

Abin da ake nufi da birkitacciyar tatsuniya shi ne a ɗauko tatsuniyar da kowa ya sani a juya ta da gangan, ko dai a sauya mai ba da labarin, ko kuwa a mai da mugu ya zama shi aka zalunta. A Amurka da Ingila akan buga irin waɗannan a littattafai masu hotuna, malaman firamare kuma su koyar da su.

Fitacce daga cikinsu shi ne The True Story of the Three Little Pigs na Jon Scieszka, wanda Lane Smith ya zana wa hotuna, aka buga a 1989. A tatsuniyar asali, kyarkeci ne ke hure gidajen 'yan aladu don ya cinye su. A nan kuwa shi ke ba da labarin daga kurkuku: wai roƙon sukari ya je, mura ta sa shi atishawa, gidajen suka rushe, 'yan jarida suka ɓata masa suna. Sai dai da bakinsa ya faɗi cewa ya cinye biyu, wai gudun almubazzaranci! Yaron da ya tsinkayi wannan ya fara gane cewa mai ba da labari ma yana da tasa manufa, abin da ɗalibanmu na jami'a kan sha wuya kafin su fahimta.

Amma akwai sharaɗi. Gianni Rodari, marubucin Italiya, ya nuna a littafinsa Grammatica della fantasia na 1973 cewa yara kan fara da nacewa a maimaita musu tatsuniya yadda suka saba ji, sai sun ƙoshi da ita sa'an nan su ji daɗin a ɓata ta. Wato dai wanda bai san asali ba, ba zai ga birkici ba. Saboda haka malamin da ya kai wa yaran Hausawa littafin Scieszka kai tsaye, sabon labari kawai ya ba su.

A ganina, abin ara shi ne dabarar. Ga tatsuniyoyin Gizo da Kura nan a Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Malami ya fara tabbatar da cewa yara sun san guda, domin ba kowane ɗan birni ne ya taɓa zama gaban kaka da dare ba. Daga nan sai a ba Kura baki ta faɗi yadda Gizo ya cuce ta, yara su zana hotunan, a kuma tambaye su wurin da take ƙarya.