Hayaƙin da ba kai ka kunna ba

Yau daga Runjin Sambo a nan Sakkwato nake magana, kuma batun taba sigari ne. To amma ba mai sha zan yi wa wa'azi ba. Maganata a kan wanda ke zaune kusa da shi ce.

Mutane da yawa ba su san Najeriya na da dokar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a ba. Tun 1990 gwamnatin soja ta kafa irinta, sannan a watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwa. Ta hana sha a asibiti, makaranta, ofis, gidan abinci da motar haya. Ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana sayar da kara ɗaiɗai. Wanda ya sha inda aka hana, tarar naira 50,000 ce ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu.

Wani zai ce, "Kuɗina ne, huhuna ne, ina ruwan wani?" Ai da huhunka kaɗai ne da sauƙi. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki na jawo kansa. Wanda ke tashi daga bakin karan kuwa bai ma bi ta audugar nan ba, kai tsaye yake shiga hancin na kusa. Yana sa jini saurin daskarewa, ya wahalar da zuciya. Yara kuma ya tayar musu da asma, ya kawo ciwon huhu da ciwon kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 1 ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin da wasu suka busa.

Yanzu ka duba gidan kallon ƙwallo a unguwarmu. Rufin kwano, ƙofa ɗaya, mutane makil har da ƙananan yara. Mutum 2 suka kunna, kowa ya sha tare da su na minti 90. Fanka ba ta fitar da hayaƙin, rarraba shi kawai take yi. Shisha ma taba ce, ruwan nan bai wanke gubar.

Shin hanin na aiki? Ƙasar Ayilan ta fara a 2004. Sikotilan ta bi a 2006, kuma cikin shekara guda masu kwanciya asibiti saboda bugun zuciya suka ragu da kashi 17 cikin 100.

A nan gida fa, doka na kan takarda, amma ɗan sanda ba zai tsaya a kowane benci ba. A ganina mai wuri ne ke da wuƙa da nama. Mai gidan kallo ya manna takarda a ƙofa. Mai shayi ya ce, "Malam, don Allah ɗan matsa can ka gama, shayinka na jiranka." Direba ya faɗa tun kafin mota ta tashi. Kai ma da ka biya kuɗin kallo kana da bakin magana, cikin ladabi, ba da faɗa ba.

Ɗan'uwa mai sha, ba korarka ake yi ba. Taku 20 ne zuwa waje, ka dawo ka iske wurinka.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.