Maganin Ciyawa a Hatsi: Abin da Wanki Ba Ya Fitarwa

Tun da hukumar NAFDAC ta haramta maganin ciyawa farakwat daga farkon 2024, maganar da na fi ji a bakin manoman masara da shinkafa, daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, ita ce: "Da ruwa ake dama maganin ciyawa, ruwa kuma ke wanke shi." Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya. Gilifoset, wani maganin ciyawan da aka fara sayarwa a 1974, ta ganye yake shiga, ya bi jijiyoyin shuka har saiwa. In an fesa shi dab da girbi, abin da ya isa cikin ƙwaya ya zauna ke nan. Wa ya taɓa wanke gishiri daga dafaffiyar miya?

Son ruwan da gilifoset ke yi kuma shi ke ɓoye shi a ɗakin gwaji. Gwajin da aka saba, an tsara shi ne don magungunan da ke gudun ruwa, masu tasowa kamar manja a saman miya a yaɗe su. Gilifoset da farakwat kuwa ƙasa suke zama cikin romo. Ko sun kai bututun da ke rarrabe sinadarai, wucewa suke yi fuu, kamar baƙon da ya ratsa kasuwa bai gaisa da kowa ba, alhali da tsayawar kowane sinadari ake shaida shi. Shi ya sa masana a Jamus suka ware musu hanya ta daban mai suna QuPPe: a tatso su da metanol mai tsami, a tura su bututun da ke iya riƙe su, sannan na'urar awon nauyi ta auna ƙwayar sinadarin, ta farfasa ta, ta sake auna gutsattsarin. Tana gano abin da bai kai giram ɗaya ba a buhu goma.

A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari. Su sun gwada sun ƙi, mu kuwa tiya muke aunawa mu dafa. Duk jami'in da ya ce an gwada hatsin kasuwar Dawanau an same shi lafiya, a tambaye shi wane magani aka nema, domin na'ura ba ta ganin abin da ba a saita ta a kansa ba. Manomi kuma ya kiyaye kwanakin jira da ke jikin kwalba, don 'ya'yansa ke fara cin sabon hatsi.