Ka hau dutse da mutane, kada ka sauko da hoton dutse kaɗai

Buɗe wayarka, mai karatu, ka duba hotunan ranar da ka hau dutse na ƙarshe, ko Dala a Kano, ko Kufena a Zariya, ko duwatsun Shere a Jos. Ƙirga na gari daga sama, da na gajimare, da na fuskarka kai kaɗai. Sannan ka ƙirga waɗanda abokan tafiyarka suka fito a ciki. Ni ranar da na yi wannan ƙidayar kunya ce ta kama ni, kuma na yi ta ne lokacin da babu sauran gyara.

Mu bakwai ne, dukanmu ma'aikatan jinya a wani asibiti a Jos. Duk Asabar ɗin da hutunmu ya zo ɗaya sai mu nufi Shere, wajen kilomita 10 gabas da gari. Ƙololuwar duwatsun ta kai kimanin mita 1,829 daga matakin teku, amma mu ba ma kaiwa can, inda ƙafa ta ce ya isa nan muke shimfiɗa zane mu ci abin da muka zo da shi. Babbarmu, wadda kowa ke kira Anti, ita ce ta kawo shawarar. Kullum faɗa take mana wai muna yi wa marasa lafiya wa'azin motsa jiki alhali mu ko matakalar bene ba ma iya hawa ba haki.

Wata takwas bayan fitarmu ta ƙarshe da ita, Anti ta rasu, Allah ya jiƙanta. Bayan an share makoki, babbar 'yarta ta same ni ta ce, “Anti, don Allah ko kina da hoton Mama tana dariya? Na gida duk na biki ne da na katin aiki, ta ɗaure fuska a ciki.” Na zauna na bi wayata kaf. Hotunan wannan ranar sun haura sittin, dutse ne da ciyawa da sama. Biyu kacal ta fito. A ɗaya bayanta ne ma. A ɗayan kuwa ta miƙa hannu tana jawo ƙaramarmu daga tsakanin duwatsu biyu, baki buɗe tana ƙyaƙyata dariya, mayafi ɗaure a ƙugu. Yarinyar ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce, “Ashe haka take in tana tare da ku.”

Dutsen yana nan, gobe ma in ka koma za ka tarar da shi yadda ka bar shi. Mutanen da kuka hau tare su ne ba lallai su sake haɗuwa ba. Wani za a yi masa canjin wurin aiki, wata aure zai kai ta wani gari, wani gwiwa za ta hana shi. Don haka ka juya wayar wajensu. Kada ka jira sai an kai sama an jeru an gyara fuska. Ɗauki mai haki da ya dafa gwiwa, da mai raba ruwa, da yaron da ya riga babansa isa. Kuma ka miƙa wa wani wayar ya ɗauke ka, don sau da yawa mai ɗaukar hoto shi ne ake nema a rasa.

Amfanin bai tsaya ga tuna baya ba. Kafin ku fara hawa, ku yi hoto ɗaya kowa da kowa a gindin dutse, ku tura wa wani a gida tun da sauran sabis. Idan wani ya ɓace, wannan hoton zai faɗi ku nawa ne, wane kaya kowa ya sa, da ƙarfe nawa kuka tashi, domin waya tana ajiye lokacin da aka ɗauki kowane hoto. Wanda hankalinsa ya tashi ko launin rigar ɗansa sai ya kasa tunawa, mun sha ganin haka a ɗakin taimakon gaggawa.

Haka kuma duk mararrabar da kuka wuce, ka waiwaya ka ɗauki hanyar ta bayanka, don yadda hanya take a hawa ba haka take a saukowa ba. Wata rana da damina hazo ya rufe mu a Shere, muka tsaya gaban hanyoyi biyu muna gardama. Ƙaramarmu, wadda muke yi wa tsiyar yawan ɗauke-ɗauke, ita ta fitar da mu: a wani hotonta na safe akwai wani tsagaggen dutse da bishiya a gefensa, muka nemo shi muka bi. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ce mata ta ajiye waya.

Bari in sa hular aikina kaɗan. Idan maciji ya sari wani, kada a bi shi don a kashe, nan ake samun sara na biyu. In yana inda ake ganinsa, a ɗauke shi daga nesa. In ya shige, a ƙyale shi. Hoton yana taimaka wa likita, domin dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, kuma akwai maganin da aka yi dominta ita kaɗai, akwai wanda ya haɗa ta da kasa da gamsheƙa. A ɗauki wurin saran nan take, a sake ɗauka bayan ɗan lokaci, don a ga saurin kumburin. Kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Ko targaɗe ne ko faɗuwa, hoto mai ɗauke da lokaci ya fi “ɗazu-ɗazu” da ake ce mana idan mun tambaya. Amma taimako ne farko; mutum ɗaya ya isa ɗaukar hoto, sauran su kama aiki.

Sai dai hoton ma yana da nasa haɗarin. Kada ka taɓa ja da baya kana kallon waya, kuma kada ka ce wa wani “matsa kaɗan” alhali ba ka ga abin da ke bayansa ba. Dutse in ya jiƙe santsinsa ya fi na tayil. Ka tsaya cak, ka kafa ƙafa biyu, sannan ka ɗauka. Ka kashe data don batir ya kai ka gida, waya mutacciya ba ta kiran kowa.

Sannan a nemi izini. Akwai wanda ba ya son hoto sam, akwai wadda ta yarda a ɗauka amma ba ta yarda a sa a WhatsApp ko Facebook ba, musamman in mayafi ya zame ko iska ta ɗaga zane. Ku daidaita tun a ƙasa, wanda ya ce a goge a goge ba musu. Hotunan yara kuwa iyayensu ke da ta cewa. Haka mutanen ƙauyukan da kuke ratsawa da gonakinsu: a yi sallama, a tambaya.

Na ƙarshe, ka wanke ko guda biyu ne. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana cika a goge. Hoton Anti na kai an wanke guda bakwai, shida namu, ɗaya na 'yarta. Nawa yana cikin durowata a wurin aiki, kusa da abin awon hawan jini. Har yanzu muna zuwa Shere, kuma kafin kowa ya taka dutsen farko sai mun jeru an ɗauka.