Bas Mai Gas Ba Bam Ba Ne

Tun da motocin bas masu amfani da iskar gas suka fara zirga-zirga a Kaduna, wata magana ta ƙi mutuwa a WhatsApp da majalisun unguwa, wai duk wanda ya shiga bas ɗin ya zauna ne a kan bam. Har akwai iyayen da ke hana 'ya'yansu shiga, su gwammace a cusa yaro a a-daidaita-sahu tare da mutum biyar. Abin ya ishe ni, domin mai yaɗa maganar bai yi asarar ko kwabo ba, wanda ya saurare shi ne ke biyan kuɗin mota ninki.

Kowa ya san inda aka fito. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura dubu. Kaduna kuwa gari ne dogo, daga Kawo zuwa Sabon Tasha sai an ratsa tsakiyar gari an haye kogi, ma'aikaci ya ga rabin albashinsa na ƙarewa a hanya. A tsakiyar 2025 gwamnatin jihar ta shigo da bas 100 masu amfani da CNG, wato gas ɗin ƙarƙashin ƙasa da ake matsewa a tukunyar ƙarfe.

Tushen ruɗanin shi ne mutane sun ɗauka gas ɗin bas ɗaya yake da na girki. Ba ɗaya ba ne. Na girki ya fi iska nauyi. Idan ya yi yoyo sai ya kwanta a ƙasan ɗaki yana jiran ashana, shi ya sa gobararsa ke da muni. Na bas ya fi iska sauƙi, da zarar ya samu kafa sai ya yi sama ya watse. Fetur ɗin da muka saba da shi fa? Ya zube, ya malale a ƙarƙashin mota, tururinsa ya kama da ɗan tartsatsi. Kafin zafi kaɗai ya kunna gas ɗin bas sai ya haura digiri 500, fetur kuwa kusan rabin haka ya ishe shi. Amma mutumin da ke tsoron bas shi ne zai hau babur ya rungumi tankin fetur tsakanin cinyoyinsa, hankalinsa kwance.

Za a ce, to fashewar birnin Benin fa? Gaskiya ne, a Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin, mutane suka jikkata, hoton kuma ya karaɗe wayoyi. Sai dai masu tura hoton ba sa tura ƙarshen labarin. Tukunyar da ta fashe haɗin mai walda ce, ba ta da amincewar hukuma. Gas ɗin mota ana matse shi har ninki 200 na matsin iskar da muke shaƙa, na girki kuwa bai kai ninki 20 ba. Saboda haka tukunyar gaskiya ƙarfe ne guda mai kauri, babu ɗinkin walda a jikinta, an gwada ta da matsin da ya fi wanda za ta ɗauka, kuma tana da bawul da ke sakin gas idan wuta ta yi zafi, don kada ta fashe. Birnin Delhi na Indiya ya mayar da bas ɗinsa kan wannan gas tun 2002 bisa umarnin Kotun Ƙoli, miliyoyin mutane suka yi shekaru suna shiga kullum. Ban ce gas ɗin ba ya kamawa da wuta ba. Duk abin da ke tura mota yana iya ci. Abin tsoron shi ne ha'inci da sakaci. Mai tura saƙon da bai tantance ba kuma ya ji tsoron Allah, hana talaka sauƙi da ƙarya ba ƙaramin alhaki ba ne.

Matsalolin gaske dai akwai su: ƙarancin motocin da cunkoso da dogon jira, gyaran waɗannan na gwamnati ne.

Namu kuwa ga shi. Kada ka shiga bas da jarkar fetur ko tukunyar gas ɗin girki, ko da kwandasta ya kau da kai. Sigari a ciki ko a bakin ƙofa, a'a. Gas ɗin ba shi da wari a asalinsa, ana zuba masa wani sinadari mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai don a gane yoyo. In ka ji shi, ko ka ji ƙarar iska na fita, ka faɗa wa direba ya tsaya ya kashe inji, a sauka a natse a matsa nesa. Turereniya a ƙofa ta fi gas saurin karya ƙafa. Da ka zauna ka duba ina ƙofar gaggawa take, kada kuma a jibge buhu a gabanta. Hajiya mai goyo da tsofaffi a bar su su fara sauka. Idan mota za ta sha gas, fasinja ba ya zama a ciki. Masu yage kujera da cire ɗan gudumar fasa gilashi, ku sani ran wani kuke wasa da shi.

Masu a-daidaita-sahu da tasi da ke son juya injinsu, a nan ne haɗarin gaske yake. Ku je cibiyar da hukuma ta amince da ita, ku karɓi takarda, ku duba lamba da kwanan watan da aka buga a jikin tukunyar, ku riƙa kai ta gwaji a kan lokaci. Duk bakanikon da ya ce zai haɗa maka tukunya da araha a bayan gareji, ka ɗauki motarka ka bar wurin.