Farin Gilashi Ne Na Tafiyar Dare: Faɗakarwa Ga Masu Hawa Babur

A ƙasar Babura da maƙwabtanta, Kazaure da Roni da Gwiwa, kusan babu gidan da bai dogara da babur ba. Shi ke kai manomi gona, ya kai ɗan kasuwa cin kasuwar ƙauye, ya kai mai naƙuda asibiti. Da yawa daga cikin waɗannan tafiye-tafiye kuwa ba sa ƙarewa sai bayan magariba. Kasuwa ta watse, a ɗaure kaya a bayan Boxer ko Jincheng, a kama titin Kanya Babba ko na Babban Mutum, wani kuma ya ratse ta burji da rairayi ya nufi gida.

Masu tuƙin dare a wannan yanki galibi kashi biyu ne. Akwai mai tafiya da ido tsirara, yana ƙanƙance shi, hawaye na zuba yana sharewa da hannun riga. Akwai kuma wanda baƙin gilashin da ya yini da shi tun hantsi shi ne dai a fuskarsa har bayan isha'i. Na farkon ya bar idonsa ga iska, na biyun ya tare iska amma ya tare haske tare da ita. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Abin da tuƙin dare yake buƙata shi ne gilashi fari garau, wanda zai hana iska da ƙura shiga, ba tare da ya rage wa ido ɗan hasken da yake samu ba.

Abin da iska ke yi wa ido

A saman ƙwayar ido akwai wani siririn ruwan hawaye da yake lulluɓe ta kullum, kuma duk ƙiftawa sabunta shi take yi. Ta cikin wannan ruwa haske yake fara ratsawa kafin ya shiga ciki, saboda haka idan ya bushe gani yakan dusashe. Iskar da ke bugun fuskar mai gudu a kan babur tana busar da shi nan da nan. Sai ido ya ji raɗaɗi, ya mayar da martani da hawaye masu yawa, hawayen kuma su sa fitilun gaba su riƙa rarrabuwa suna rawa. Bushewa da ambaliyar hawaye duk sakamakonsu ɗaya ne: hanya ba ta fita sosai.

Ga lissafi mai sauƙi. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan wani abu ya faɗa maka a ido ka runtse na daƙiƙa 2 kacal, ka shafe fiye da mita 30 ba ka ga komai ba. A cikin wannan tazara ana iya samun rami, ko jaki a kwance, ko amalanken shanu da ba shi da ko ƙyallin fitila a bayansa, ko yaro mai tsallaka titi.

Kowane lokaci na shekara da irin abin da yake jefawa a ido. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi. Babura tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, don haka tana cikin garuruwan Nijeriya da hazon yake fara sauka a kansu. Da damina kuwa ƙwari ne. Fitilar babur tana jawo su, su taso kai tsaye su nufi fuskar matuƙi, musamman daren da aka yi ruwa shinge ya fito. Lokacin da gero ke fure ga hangara, wadda ruwan jikinta ke tayar da bororo a fata, balle a ce ta fashe a bakin ido. A kowane lokaci kuma akwai tsakuwa da yashin da tayar babbar mota ke watsowa baya.

Me ya sa baƙin gilashi bai dace da dare ba

Idan duhu ya yi, ƙofar da haske ke shiga ta tsakiyar ido takan buɗe sosai don ta tattaro duk abin da ta samu. Ido yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu. Wanda ya ɗora baƙin gilashi a kan wannan ido ya rushe duk ƙoƙarin da yake yi.

Masu ƙera tabarau sun kasa su aji biyar bisa yawan hasken da ke ratsa su. Aji na 0 yana barin fiye da kashi 80 cikin 100 na haske ya wuce, shi ne fari. Aji na 1 yana barin kashi 43 zuwa 80, na 2 kashi 18 zuwa 43, na 3 kashi 8 zuwa 18, na 4 kuma kashi 3 zuwa 8 kawai. Yawancin baƙaƙen tabarau na rana aji na 3 ne. Ma'ana, mai sanye da su da dare ya zubar da fiye da kashi 80 na ɗan hasken da fitilarsa ta samar masa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tabarau, wato ISO 12312-1, ta fayyace cewa gilashin da ke barin ƙasa da kashi 75 na haske bai dace da tuƙi da almuru ko da dare ba. Aji na 4 kuwa ko da rana tsaka ba a yarda a yi tuƙi da shi ba.

Wasu kan ce ai fitilar motocin da ke tahowa ce ke dallare su, shi ya sa suke sa baƙi. Gaskiya ne baƙin gilashi yana rage zafin fitilar, amma daidai gwargwadon da ya rage ta haka yake rage mutumin da ke tafe a gefen titi da baƙar riga. Fitilar mota ko an rage ta za ka gan ta. Mai tafiya a ƙasa kuwa ɓacewa zai yi gaba ɗaya.

Sai kuma gilashi mai ruwan ɗorawa, wanda 'yan tireda ke tallatawa da sunan gilashin dare. Wanda ya sa shi yakan ji kamar duniya ta ƙara haske, alhali babu gilashin da ke ƙirƙirar haske, ragewa kawai yake yi. A shekarar 2019 masu bincike a cibiyar nazarin ido ta Schepens, mai alaƙa da Jami'ar Harvard a Amurka, sun gwada irin waɗannan tabarau a na'urar kwaikwayon tuƙin dare, suka buga sakamakon a mujallar JAMA Ophthalmology. Ba su ga ruwan ɗorawa ya taimaka wa direba wajen saurin hango mai tafiya a ƙasa ba, ko akwai fitilar da ke dallare shi ko babu. Haka nan gilashin da ke yin baƙi a rana ya washe a inuwa: yana ɗaukar mintuna kafin ya washe, kuma idan ya tsufa ba ya komawa fari tas.

Abubuwan dubawa kafin a biya kuɗi

Na farko, fari ne da gaske? Ɗora shi a kan farar takarda. Idan takardar ta canza launi, ta yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa, ajiye shi. Mai sheƙi irin na madubi ma ba na dare ba ne.

Na biyu, da me aka yi shi? Gilashin kwalba da busasshiyar roba mai araha suna tarwatsewa idan tsakuwa ta buge su, ɓarɓashin kuma cikin ido zai nufa. Wanda ake so shi ne na roba mai tauri da ake kira polikabonet, irin wadda ake yin tabarau na ma'aikatan masana'antu da ita. Ba ta da nauyi, tana jure bugu, kuma tana tare hasken rana mai cutar da ido duk da fara ce. Ana gane mai inganci da alamar da aka buga a jikinsa. Idan ka ga Z87+, ƙa'idar Amurka ce ta jure bugu mai ƙarfi. Idan ka ga EN 166, ta Turai ce, kuma haruffan da ke kan gilashin suna da ma'ana: F na nufin an harbe shi da ƙaramin ƙwallon ƙarfe mai gudun mita 45 a daƙiƙa bai fashe ba, K na nufin yana jure karcewa, N kuma ba ya saurin yin raɓa. Irin waɗannan an fi samunsu a shagunan kayan aikin magina da kafintoci, kamar na kasuwar Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, fiye da kan faifan mai tallar tabarau na ado. Jabu ma akwai, saboda haka alama kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa da gwaji.

Na uku, yana karkata gani? Riƙe shi nesa da fuska, ka kalli wani abu miƙaƙƙe ta cikinsa, kamar turken lantarki ko gefen ƙofa, sannan ka motsa shi a hankali sama da ƙasa, hagu da dama. Idan layin ya lanƙwashe ko ya riƙa rawa, wannan gilashi zai sa ka ciwon kai, ya kuma ɓata maka kimanta nisan rami.

Na huɗu, ya rufe ido ta ko'ina? Tabarau mai faɗin fuska irin na karatu ba ya tare iska. Ta gefe da ta ƙasa take kewayowa, wani lokaci ma ta fi yin juyi a bayansa. Nemi wanda ya lanƙwasa ya bi zagayen fuska har zuwa wajen kunne, ya zauna daf da gira da kunci. Mai soso a gefen ciki ya fi dacewa da hunturu. Amma a lura kada ƙafafunsa su yi kaurin da za su rufe maka ganin gefe, domin ta wutsiyar ido ake fara hango akuyar da za ta yanko titi.

Na biyar, yana shan iska kaɗan? Da sanyin hunturu mutum yakan naɗe hanci da baki da rawani ko takunkumi, numfashi ya haura sama, gilashi ya yi raɓa. Wanda aka toshe ruf ya fi saurin yin haka. Mai ƙananan huji a sama ko a gefe shi ne daidai.

Na shida, ya zauna? Sa shi, ka sunkuyar da kai, ka girgiza. Idan ya zamo, a kan burji mai gargada sai ka riƙa sakin kan babur kana gyara shi. Mai igiyar roba da ke zagaye ƙeya ya fi zama. Ka kuma gwada shi tare da hular kwanonka, don ka tabbata ba ya danne maka gefen kai. Mai amfani da tabarau na likita kada ya cire shi don ya sa wannan. Akwai masu faɗi da aka yi domin a ɗora a kan na likita.

Hular kwano mai rufin fuska ita ce ta fi duka, domin ta haɗa kariyar kai da ta ido. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sa ta a faɗin Nijeriya. Sai dai sharaɗin bai canza ba: murfin gabanta ya zama fari, ba baƙi ko mai launin bakan gizo ba.

Kulawa bayan saye

Farin gilashin da ya karce ya kusa zama baƙi wajen illa. Kowane karce yana tarwatsa hasken fitilar da ke tahowa, sai ka ga gabanka ya zama fari fat. Babban mai karce shi kuwa shi ne goge shi a bushe da bakin riga, domin ƙurar hunturu ɓarɓashin yashi ce, ta fi roba tauri. A fara zuba masa ruwa ƙurar ta sauka, a sa ɗan sabulu, a ɗauraye, sannan a tsane da ƙyalle mai laushi. Kada a kusantar da shi ga fetur ko kananzir, suna cin polikabonet su sa ta tsattsage. Kada a jefa shi aljihu ɗaya da makulli da silalla. Ranar da ka ga fitilu sun fara yin gashi-gashi ta cikinsa, lokacin canji ya yi. Araha ba ta ado, amma a nan an yi sa'a: kuɗin sabo bai kai na jinyar ido guda ba.

Inda gilashi ba ya magani

Idan mota ta dallare ka, kada ka zuba wa fitilarta ido. Mayar da kallonka gefen titi na dama, ka sassauta gudu har ta wuce. Goge gilashin fitilarka kafin ka tashi, kuma kada gudunka ya wuce inda haskenta ya tsaya. Wanda ka goya ma ido gare shi, musamman yaron da ake zaunarwa a kan tanki, wanda shi iska ke fara bugu.

Idan kuma ka sa fari mai tsabta amma har yanzu dare na yi maka wuya, matsalar tana iya zama a cikin idon. Dundumi, wanda ƙarancin sinadarin bitamin A ke jawowa, da yanar ido da ke zuwa da shekaru, duk sukan fara bayyana ne da wahalar gani da dare. Wannan aikin asibiti ne, ko babban asibitin Babura ko na Kazaure, ko asibitocin ido na Kano, har zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

In wani abu ya riga ya faɗa ido, tsaya a gefen hanya tukuna. Kada ka murza, domin murzawa ce ke sa ƙwayar yashi ta yanki fatar ido, ciwon ya ruɓe ya bar hakiya. Wanke da ruwa mai tsabta da yawa. Kada a ɗiga ruwan sukari ko nono ko ruwan ganye, kada kuma a sayi maganin ɗigawa a kemis da ka, domin wasunsu suna ƙara rura gyambon ido. Idan gari ya waye da ja da raɗaɗi da gudun haske, a nufi asibiti a ranar.

Shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa da masu sayar da babura suna da rawar takawa a nan. Tasha guda za ta iya haɗa kuɗi ta saro dozin na masu inganci daga Kano, kowa ya samu a farashin sari, a kuma sa doka a tsakanin juna cewa da an kira magariba baƙin gilashi ya koma aljihu. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.