Kasuwar Ɗab'i a Sabon Gari da Samaru

Cinikin littafi da aikin ɗab'i a Zariya ya fi ƙarfi a unguwanni biyu. A Sabon Gari, wadda ta bunƙasa a gefen tashar jirgin ƙasa tun zamanin Turawa, ake samun masu sayar da takarda da tawada, da ƙananan maɗaba'u, da rumfunan littattafan makaranta da na addini. Samaru kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ce ke riƙe da kasuwarta. Shagunan kwamfuta da na ɗaurin kundin digiri sun jeru a bakin titin Sakkwato, jami'ar ma tana da maɗaba'arta.

Sana'ar ta daɗe a garin. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam yana editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, hukumar adabi ta NORLA ta biyo baya a shekarun 1950 da littattafan yaƙi da jahilci da jaridun larduna, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Waɗannan ne suka saba wa idon Bazazzagi da shafi mai tsabta: manyan haruffa saboda sabon makaranci, fili a gefe, zanen hannu jefi-jefi kamar na Magana Jari Ce, da ɓ, ɗ, ƙ kowanne da lanƙwasarsa. Tsoffin bugun nan har yau suna da kwarjini, domin an tsara su da tausayin mai karatu.

A rumfa bango ne ke fara magana da mai saye. Littattafan soyayya da suka yawaita daga Kano tun shekarun 1980 sun zo da ja da rawaya masu ɗaukar ido, da sunan littafi ɓaro-ɓaro. Na ajami da Larabci hanyarsu daban: sau da yawa rubutun hannun gwani ake ɗauka hoto a buga, da wasulla da zayyanar gefe yadda ya yi su, kuma wannan shi ne mafi kyan abin da kasuwar ke sayarwa. Jaridun da ba na gwamnati ba, irin su Al-Mizan, da kanun shafin farko suke farautar mai wucewa, saboda a hannu ake tallarsu, daga nesa ake hango su.

Aiki yana farawa wurin mai zane, yawanci da CorelDraw, ya wuce wurin mai faranti, sai inji, sai yanka da ƙusa ko gam. Wasu masu zanen sun fito daga sashen zanen masana'antu na jami'a, da yawa kuma a shago suka koya a hannun maigida. Kasuwa na buɗewa lokacin zaɓe saboda fostoci, da ƙarshen shekara saboda kalanda, da sa'ad da ɗalibai ke miƙa kundi.

Babbar matsalar ita ce takarda, wadda akasari daga waje take zuwa, farashinta na bin dala, ga kuɗin man janareta. Shi ya sa ake ƙanƙanta haruffa, a matse layuka, a cinye gefen shafi. Abin takaici, wasu har lanƙwasar haruffa suke watsarwa don gaggawa, alhali wannan ba ya rage musu ko sisi.